Zogale, darbejiya, tazargade ko maganin asibiti: wanne ke kare ƙoda idan maleriya ta kama mutum?

Damina biyu da suka wuce, cikin watan Agusta, yayata ta buga mini waya ana kiran sallar asuba. Ko gaisawa ba mu gama ba ta ce, "Ka zo ka ga fitsarin yaron nan, ni dai bai yi mini ba." Ɗanta ne mai shekara bakwai, ya kwana huɗu yana zazzaɓi. Da na isa ta miƙo mini fo ɗin roba. Abin da ke ciki bai kai rabin kofin shayi ba, kuma shi ke nan abin da ya yi tun la'asar ɗin jiya. Launinsa kamar baƙin shayin da aka manta a kan wuta. Fatar idonsa ta ɗan tasa, tafin hannunsa fari fat.

Na ce, "Yaya, me da me aka ba shi?" Ta lissafa mini. Ranar farko an yi masa surace da ganyen darbejiya, an ɗiba masa ya sha. Rana ta biyu Inna ta aiko da jiƙon sassaƙen maɗaci da 'yar jar kanwa a ciki. Rana ta uku da jikin ya ƙi sauka aka kai shi kemis, aka yi masa allurar kashe ciwon jiki, aka haɗo shi da ƙwayoyi a ƙullin leda. A cikin kwana huɗun nan ba wanda ya tsaga masa yatsa ya duba jininsa. Ya kwana tara a asibiti, an yi masa ƙarin jini leda ɗaya, Allah ya taimake mu ba a kai ga wankin ƙoda ba.

Aikina gwajin jini ne, shekaru ina kallon sakamakon ƙoda yana fitowa daga na'ura, amma ranar na fara jin abin a jikina. Bayan an sallamo shi Inna ta zaunar da ni ta ce, "To kai da ka yi boko, yanzu duk itatuwan nan da muka raine ku da su ƙarya ne?" Na ce, "Inna, ba ƙarya ba ne, amma kowanne da gurbinsa, kuma akwai ranar da bai kamata a kusance su ba." Wannan amsar nake so in buɗe a nan, domin mai jinya ya san abin da zai ɗauka da abin da zai ajiye.

Sai an fahimci yadda maleriya ke cin ƙoda kafin kwatancen ya yi ma'ana. Kowace ƙoda tana da 'yan ƙananan matatai wajen miliyan ɗaya, kuma kusan kashi ɗaya cikin biyar na jinin da zuciya ke bugawa ta cikinsu yake bi. A yini guda suna tace ruwa kimanin lita 180, su mayar da kusan duka cikin jiki, su fitar da lita ɗaya zuwa biyu a matsayin fitsari. Gaɓa ce mai tsananin buƙatar jini. Maleriya kuwa ta fuska uku take zuwar mata. Zazzaɓi da amai da ƙin shan ruwa suna busar da jiki, jinin da ke isa ƙoda ya ragu. Jajayen ƙwayoyin jinin da cutar ta shiga sukan yi danƙo su manne a ƙananan jijiyoyi su toshe hanya. Na ukun shi ne abin da na gani a fo ɗin nan: ƙwayoyin jini suna fashewa da yawa a lokaci guda, jan sinadarin da ke cikinsu, wato himogulobin, ya zube cikin jini, ya bi ta matatan yana ƙona su. Shi ke mayar da fitsari baƙi. A binciken da aka yi kan yaran da maleriya mai tsanani ta kwantar a Uganda, an samu daga kashi ɗaya cikin uku zuwa kusan rabinsu ƙodarsu ta taɓu, kuma waɗannan sun fi sauran mutuwa. Mu kuma a nan ne cutar ta fi yawa: rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya ya ƙiyasta mutum miliyan 263 suka kamu a 2023, wajen 597,000 suka rasu, Najeriya kaɗai na ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwar, Nijar kuma tana cikin ƙasashen da aka fi rasa rayuka.

To duk abin da za a ce yana kare ƙoda, tambayoyin da nake yi masa ke nan. Yana kashe ƙwayar cutar da sauri, tunda ita ce tushen ɓarnar? An gwada shi a jikin ɗan Adam, ko a ɓera kawai? An san adadin da ake sha? Idan kuma ƙodar ta riga ta raunana, shi kansa ba zai zame mata kaya ba?

Maganar ɓera tana buƙatar a tsaya a kanta, saboda a nan ne masu tallar magani suka fi ruɗa mutane. Gaskiya ne akwai bincike da yawa daga jami'o'in Najeriya da na Asiya da ke nuna cewa ruwan ganye kaza ya rage lalacewar ƙoda a lokacin maleriya. Yadda ake yin su kusan iri ɗaya ne. A samo ɓerayen ɗakin gwaji, a sa musu wata ƙwayar maleriya mai suna Plasmodium berghei, wadda aka gano a jikin ɓerayen daji a Kongo a 1948, kuma ba ta kama mutum. A busar da ganye, a niƙa, a tatso sinadaransa, sau da yawa da ruwan ethanol ko methanol, a auna miligiram kaza ga kowane kilo na nauyin ɓera, a ɗura masa na 'yan kwanaki. Daga nan a auna yuriya da kiriyatinin a jininsa, wato dattin da ƙoda ke fitarwa, wanda ke taruwa idan ta raunana, a yanka ƙodar a duba da madubin likita. Aiki ne na ilimi, ina girmama masu yin sa, kuma ta irin wannan hanyar ake fara gano magani. Sai dai matakin farko ne cikin matakai masu yawa. Abin da aka tatso da ethanol aka auna da sikeli daban yake da abin da Inna ta tafasa a tukunya ta ɗiba da ludayi, ɓera mai giram ashirin da biyar kuma daban yake da yaro mai amai. Idan mai magani ya ɗaga lasifika a kasuwa ya ce "jami'a ta tabbatar," yawanci wannan gwajin ɓeran yake nufi.

Tazargade ita ce ta fi kowa hujja, shi ya sa ta fi buƙatar bayani. Daga wani nau'inta, Artemisia annua, masaniyar Sin ɗin nan Tu Youyou da abokan aikinta suka fitar da sinadarin atemisinin a 1972, aikin da ya sa aka ba ta kyautar Nobel a 2015. Duk ƙwayoyin ACT, wato haɗaɗɗen maganin maleriya da ake bayarwa a asibiti yau, da allurar atesunet, jikokin wannan ganyen ne. Kinin ma haka, daga ɓawon wani icce na Kudancin Amurka aka fitar da shi a 1820. Saboda haka wanda ya ce itatuwa ba sa maganin maleriya bai san tarihi ba. Matsalar shan tazargade a matsayin shayi ita ce adadi. Yawan sinadarin a ganyen yana bambanta ƙwarai daga gona zuwa gona, yana raguwa da ajiya, kuma ba ya narkewa sosai a ruwa. An gwada shayin a kan mutane a Kongo, aka buga sakamakon a 2004: zazzaɓin ya sauka ga mafi yawansu, amma cutar ta dawo wa da yawa bayan 'yan makonni. Atemisinin ba ya daɗewa a jini, shi ya sa a ƙwayar ACT ake haɗa shi da abokin tafiya irin lumefantirin, wanda ke zama ya share ragowar. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito ta ce ba ta goyon bayan amfani da shayi ko garin Artemisia don maganin maleriya, har da tsoron kada ƙwayar cutar ta saba da ɗan ƙaramin adadi ta daina jin maganin gaba ɗaya. Ƙari a kan haka, dangin Artemisia ɗaruruwa ne, kuma abin da aka ƙulla maka a leda da sunan tazargade, musamman tun 2020 da korona ta sa kasuwarta ta tashi, ba ka da hanyar sanin wane nau'i ne. Ga ƙoda, hatsarin tazargade shi ne ta kwantar da zazzaɓi ta kwantar da hankalin mai jinya, alhali ƙwayar tana nan tana fasa jini. Tsakanin shayinta da ƙwayar ACT ban ga abin tsayawa shawara ba. Asalinsu ɗaya, amma ƙwayar an auna ta.

Darbejiya, ko dogon yaro, ko maina, ita ce ta kowa, don tana ƙofar kowane gida. Daga Indiya aka kawo ta zamanin Turawa, ta kama ƙasarmu kamar 'yar gida. Tana da sinadarai irin su gedunin da ke kashe ƙwayar maleriya a kwalbar gwaji, amma a jikin mutum ba ta da ƙarfin da za a dogara da shi. Suracenta yana sa gumi, mutum ya ji ya warware, kuma a nan ne nake jin tsoro: gumi ruwa ne ke fita daga jikin da ya riga ya bushe. Babba mai ƙarfi da ke shan ruwa zai iya ɗauka. Yaron da ya yini yana amai, a lulluɓe shi da bargo a kan tukunya mai tururi, ƙodarsa ake ƙara wa ƙishirwa. Man 'ya'yan darbejiya kuwa kada a kuskura a ba yaro ya sha. Likitoci a Malesiya da Indiya sun rubuta yadda ya jefa jarirai cikin amai da jijjiga da suma, wasu suka rasu.

Maɗaci da sauran sassaƙe masu ɗaci, irin su marke, nan ne na fi saɓa wa Inna. Mun tashi da imanin cewa ɗaci shi ne ƙarfin magani. Ɓawon maɗaci ya daɗe yana aikin sauke zazzaɓi a duk Afirka ta Yamma, ba na musun haka. Amma gwaje-gwajen ɓeraye, waɗanda masu talla ke so su ambata idan sun yi musu daɗi, su ne kuma suka nuna alamun wahalar hanta da ƙoda idan aka ba da shi da yawa ko aka daɗe ana bayarwa. Jiƙo ba shi da ma'auni. Na jiya da na yau ba ƙarfinsu ɗaya ba, wanda ya kwana uku a tulu ya fi wanda aka jiƙa da safe kauri, ga kanwa da ake jefawa, wadda gishiri ce mai nauyi da ƙoda ce za ta yi aikin fitar da ita. Sannan ɗacin kansa yana tayar da amai, ya hana ƙwayar magani zama a ciki.

Akwai guda biyu da nake roƙon a nisance su ko da lafiya lau ake. Na farko duman dutse, wanda wasu ke kira maɗacin ƙasa, daga dangin Aristolochia. Wannan dangin yana ɗauke da wani sinadari da aka tabbatar yana kashe ƙoda. A farkon shekarun 1990 a Beljiyam, mata fiye da ɗari da suka sha wani haɗin rage ƙiba da aka sa wa ɗan'uwan wannan tsiron bisa kuskure sun samu lalacewar ƙoda, da yawa suka ƙare a wankin ƙoda ko dashe, wasu kuma daga baya sankarar mafitsara ta biyo. Ɓarnarsa ba ta gyaruwa. Na biyu 'ya'yan rai ɗore, waɗanda aka danganta da mutuwar yara a arewacin Indiya sakamakon lalacewar hanta da tsoka da ƙwaƙwalwa. Abin da ke tayar mini da hankali shi ne garin magani da ake sayarwa a haɗe, an daka saiwa biyar ko bakwai wuri guda. Mai saye ba zai taɓa sanin ko ɗayan waɗannan na ciki ba.

Shuwaka tana tsakiya. An gwada ruwan ganyenta a kan masu maleriya marar tsanani a Uganda, aka buga a 2009. Da yawa sun ji sauƙi, amma kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai ƙwayar ta gushe daga jininsu, kuma mafi yawan waɗannan ma ta dawo musu. Rawaya, wadda muke sha don shawara, ita ma an yi nazarinta a Burkina Faso, inda ake sayar da ita a matsayin shayin zazzaɓi. Dukansu suna da ɗan tasiri a kan cutar, ba su kai su tsaya su kaɗai ba, kuma gwaje-gwajen nan ba ƙoda suka auna ba. Miyar shuwaka ga mai murmurewa da bakinsa ba ya jin ɗanɗano, wannan kam ina so.

Zogale shi ne wanda aka fi ambata idan ana maganar kare ƙoda, kuma sakamakonsa a ɓeraye yana da kyau: yana rage irin ƙunar da fashewar jini ke jawowa. Ganye ne mai gina jiki, ga sinadarin ƙarfe da furotin da bitamin, abin da wanda maleriya ta shanye wa jini ke buƙata. Ina ba da shawararsa da zuciya ɗaya, amma a matsayin abinci, kwaɗo ko dambu ko miya, kuma bayan fitsari ya dawo daidai. Dalili shi ne fotashiyam, wani sinadari da ke cikin abinci wanda ƙoda ke daidaita yawansa a jini. Zogale na da shi da yawa, musamman busasshen garinsa da ake sha cokali-cokali. Lafiyayyar ƙoda tana zubar da rarar ba tare da wahala ba. Wadda ta tsaya ba ta iyawa, sai ya taru a jini, kuma taruwarsa tana iya tsayar da zuciya ba sallama. Ganyen da ke da amfani ranar Juma'a ga mai murmurewa zai iya zama hatsari ranar Litinin ga wanda fitsarinsa ya ɗauke. Saiwar zogale da ɓawonsa kuwa a bar su, ganyen ne abinci.

Habbatus sauda tana da matsayi a zukatanmu saboda hadisin da ya zo a kanta, kuma ba ni da abin cewa a kan haka sai girmamawa. Sinadarinta ya nuna kariya ga ƙodar ɓerayen da aka ba magunguna masu cutar da ƙoda. Ɗan kaɗan a abinci ko a zuma ba na hana kowa. Amma ba ta kashe maleriya a jikin mutum, kuma addinin da ya yabe ta shi ne ya umarce mu da neman magani, ya ce a sanyaya zazzaɓi da ruwa. Mai shan ta ya sha ACT ɗinsa a kan lokaci. Kurkur kuma jiki ba ya tsotsarsa sosai, ga shi da sinadarin okzalet mai haddasa tsakuwar ƙoda idan aka yawaita, saboda haka ya tsaya a tukunyar miya.

Zoɓo fa? Ruwa ne, yana da daɗin sha ga mai zazzaɓi, yana ɗan sa fitsari yana sauke hawan jini. Mutane kan ɗauka sa fitsari shi ne wanke ƙoda, alhali matsa wa busasshen jiki ya fitar da ruwa ba gata ba ne. Wani bincike da aka yi a Sudan a 1994 ya nuna shan zoɓo ko tsamiya ko lemun tsami tare da kulorokwin yana rage yawan maganin da ke shiga jini sosai. Kulorokwin an daina amfani da shi a matsayin maganin farko a Najeriya tun 2005, amma darasin yana nan: a haɗiyi magani da ruwa, a ba zoɓo tazara. Ƙwayar ACT ta atemita da lumefantirin ma abin da take so a biyo ta da shi madara ne ko abinci mai ɗan maiƙo, don ta fi shiga jini.

Adalci ya sa in juya kan kemis, don a labarin ɗan yayata ban ɗora wa jiƙo laifin shi kaɗai ba. Allurar da aka yi masa daikulofenak ce. Ita da aibufurofen da danginsu suna rage jinin da ke shiga ƙoda, kuma ga jikin da ya bushe wannan kamar a take tiyo ne ana tsakiyar ban ruwa. Allurar jentamaisin da ake yawan haɗawa da sunan maganin taifot ita ma tana da nauyi a kan ƙoda. Ruwan maganin yara marar asali ya kashe yara wajen 70 a Gambiya a 2022 ta hanyar tsayar musu da ƙoda, mu ma mun ga irinsa a Najeriya a 2008. Ledar ƙarin ruwa da ake rataya wa yaro a gida a sake ta tana gudu, ita ma ba ƙaramin hatsari ba ce: wani babban gwaji da aka yi kan yara fiye da 3,000 a Uganda da Kenya da Tanzaniya, aka buga a 2011, ya nuna ɗura ruwa da sauri ga yara masu zazzaɓi mai tsanani ya ƙara yawan mutuwa. Don haka zuwa daga kwalba ko allura ba ya wanke abu daga zargi.

Abin mamaki, maganin da ya fi kowane ganye hujjar kare ƙoda a jikin mutum shi ne wanda muka fi rainawa, farasitamol. Masana sun lura yana rage ƙunar da zubabben himogulobin ke yi wa matatan ƙoda. Aka gwada a Bangaladash kan masu maleriya mai tsanani, ana ba su duk bayan awa shida har kwana uku, aka buga a 2018, kuma ƙodar waɗanda aka ba ta fi saurin farfaɗowa, musamman waɗanda jininsu ya fi fashewa. Wani gwaji mafi girma a Malesiya, kan wani nau'in maleriya daban, bai ga bambanci a kan kowa da kowa ba, sai a tsakanin masu fashewar jini sosai. Hujjar ba ta kammala ba ke nan, amma a kan mutane aka same ta, kuma ta isa ta sa in ce idan za a sauke zazzaɓin maleriya, farasitamol za a ɗauka a bar daikulofenak. A kiyaye adadi: babba kada ya wuce giram huɗu a yini, yaro gwargwadon nauyinsa, wanda idonsa ya yi shawara kuma sai da izinin likita, don yawansa hanta yake ci.

Sama da duka akwai kashe ƙwayar cutar da wuri. Gwajin yatsa minti goma sha biyar zuwa ashirin ne. Idan ya nuna maleriya kuma mutum na iya haɗiya, ACT na kwana uku, sha shida idan atemita da lumefantirin ce, a shanye duka ko da jiki ya warware a rana ta biyu. Idan ta yi tsanani, allurar atesunet ta jijiya a asibiti: a yi ta farko, a maimaita bayan awa 12, a sake a awa 24. A gwajin da aka yi kan yara 5,425 a ƙasashen Afirka tara, har da Najeriya, aka buga a 2010, mutuwa ta kasance kashi 8.5 cikin ɗari ga waɗanda aka yi wa atesunet, kashi 10.9 ga waɗanda aka ba kinin. Babu ganyen da ke da irin wannan shaidar. Ita ma tana da abin lura: wasu jininsu kan sake fashewa mako ɗaya zuwa uku bayan allurar, saboda haka idan fitsari ya sake duhu ko jiki ya yi fari bayan sallama, a koma.

Ga yadda nake zaɓa idan abin ya zo gidana. Zazzaɓi ya fara, mutum na ci yana sha yana fitsari: gwaji yau, ACT idan ta tabbata, farasitamol, ruwa da kunu da ruwan gishiri da sukari na fakiti idan akwai amai ko gudawa. Ba jiƙo, ba surace ga yaro. A kwanakin nan uku ba na haɗa maganin da kowane tsimi, saboda idan wani abu ya faru ina so in san daga ina ya zo. Idan fitsari ya ragu ƙwarai, ko yaro ya yi awa shida zuwa takwas bai yi ba, ko ya koma ja ko baƙi, ko fuska da ƙafa sun kumbura, ko ido ya yi shawara, ko ga jijjiga, ko amai ya hana komai zama, to an wuce maganar gida. A tafi asibitin da ke iya gwajin ƙoda da ƙarin jini, a tafi da duk abin da aka sha, har da gorar jiƙon, a faɗa wa likita gaskiya ba tare da jin kunya ba. A wannan halin kada a matsa wa majinyaci da ruwa da yawa da nufin a buɗe fitsarin, don ruwan da ba ya fita huhu yake komawa. Mai ciki, mai sikila, mai ciwon suga ko hawan jini, da mutanen yankunan da ciwon ƙoda ya yi yawa kamar Gashuwa da kewayen kogin Haɗeja, su kam tun ranar farko ya kamata su ga ma'aikacin lafiya. Akwai kuma masu ƙarancin wani sinadarin jini da ake kira G6PD, wanda ya yawaita a tsakanin maza a ƙasarmu, waɗanda lalle ko ƙwallon kafur kan fasa musu jini. Yaron da ya taɓa yin baƙin fitsari ya cancanci a yi masa wannan gwajin.

Wanda kuma ke neman abin da zai kare ƙodar 'ya'yansa tun kafin damina, gidan sauro mai magani da ƙwayoyin rigakafin da ake rabawa yara 'yan wata 3 zuwa 59 gida-gida duk wata a lokacin ruwa sun fi kowane dauri. Allurar rigakafin maleriya ma an fara ta a Kebbi da Bayelsa a Disambar 2024.

Bayan wata uku da sallamar yaron na sake ɗibar jininsa, don yaran da ƙodarsu ta taɓu a maleriya sun fi sauran fuskantar ciwon ƙoda mai daɗewa, kuma ana so a duba ko ta koma daidai. Ya miƙo hannu yana cewa, "Kawu, a hankali." Kiriyatinin ɗinsa ya sauko inda ya kamata. Na kai wa Inna takardar, ta juya ta a hannu duk da ba ta karanta boko, ta ce, "To yanzu zogalen fa, in ba shi?" Na ce, "Ki ba shi, Inna, ki sa ƙuli-ƙuli da yawa." Tulun jiƙon maɗacin yana nan a bayan ɗakinta, tana sha abinta idan ta ji jikinta ba daɗi, kuma har yau muna ja-in-ja a kansa. Abin da muka daidaita a kai shi ne, duk jikan da ya yi zazzaɓi, ni za a fara kira kafin a buɗe tulun.